Injin walda na farko a gidan da wuta ke raguwa da yamma: nazarin wani lamari a Kaduna

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin makarantar sakandare ne, yana zaune da iyalinsa a gidan kansa a Rigasa. Bai taɓa riƙe holda ba, wato mariƙin ilektirod na walda. Abin da ya sa masa sha'awar walda ƙaramin abu ne: hinjin ƙyauren gidansa ya tsinke, ya yi kwanaki yana jiran mai gyara a kan aikin da bai kai na minti 10 ba. Daga nan ya fara tara kuɗi. Ba shago zai buɗe ba. Burinsa ya riƙa yin 'yan kayan gida ranar Asabar da lokacin hutun makaranta: teburin aiki, mazaunin tukunyar gas, abin jera takalma, kujerun zaman tsakar gida, da gyaran abin da ya karye.

Tambayar da ya zo da ita ɗaya ce, wane inji zai saya. Yana da biyu a ransa. Na farko taransifomar walda irin wadda ake naɗawa da hannu a Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, domin ita ya saba gani a bakin titi. Na biyu ƙaramar inbata, wato injin walda mara nauyi mai allon lantarki a ciki, mai hannun rataya da ya gani a wani shago, an rubuta 300 da manyan lambobi a jikinta, kuma kuɗinta ya kusa cinye duk abin da ya tara. An ce masa ya ajiye tambayar tukuna, ya fara amsa wasu biyu: nawa ne kaurin ƙarfen da zai riƙa liƙawa, kuma wace irin wuta ce ke shigo masa gida.

Kaurin ƙarfe da wutar da ake buƙata

Da aka bi jerin ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, babu ƙarfen da ya wuce milimita 5. Yawancinsu angul ne, ƙarfe mai siffar harafin L, mai kaurin milimita 3, sai fayif mai kusurwa huɗu wanda na kasuwa sau da yawa bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Wannan kaɗai ya rage lissafin sosai. Ilektirod ɗin da ya dace da irin wannan aiki shi ne E6013, wanda ake samu a kowane shagon kayan gini. Masu walda da geji suke kiransa: geji 14 shi ne milimita 2.0, yana cin amfiya 40 zuwa 60. Geji 12 milimita 2.5 ne, amfiya 60 zuwa 90. Geji 10 kuwa milimita 3.2, amfiya 90 zuwa 130. Ke nan injin da ke iya ba da amfiya 130 ko 140 na gaskiya ya ishe shi har ya yi saura. Duk abin da ya haura haka kuɗi ne zai biya a kan ƙarfin da ba zai taɓa murɗawa zuwa gare shi ba.

Lambar 300 ɗin nan ma tana da sauƙin tonawa. A ƙa'idar da ake gwada injinan walda da ita, IEC 60974-1, boltejin harshen walda, wato wutar da ke tashi tsakanin bakin ilektirod da ƙarfe, shi ne 20 a haɗa da amfiya sau 0.04. A amfiya 300 ke nan bolt 32, wato kilowat 9.6 ke fita daga injin, ban da abin da ya ɓata a matsayin zafi. Fulogi mai ƙafa uku na gida amfiya 13 yake ɗauka, abin da bai wuce kilowat 3 ba. Injin da ya zo da irin wannan fulogi da siririyar waya ba shi da hanyar da zai ba da 300. Sunan samfuri ne kawai aka sa masa.

Inda gaskiyar inji take shi ne ɗan allon bayanai da ke bayansa ko ƙarƙashinsa. Abubuwa huɗu aka ce ya karanta a wurin. I1max, wato iyakar wutar da injin ke ja daga bango. I1eff, matsakaicin abin da yake ja idan aka lissafa da hutunsa, kuma da shi ake zaɓen waya da bireka. U0, boltejin da ke bakin holda kafin a kunna walda, wanda a yawancin inbata yake tsakanin 60 da 80, kuma shi ke sa ilektirod ya kama da sauƙi. Sai layin X, wanda ke nuna kashi nawa cikin minti 10 injin zai yi aiki ba tsayawa a zafin digiri 40. Idan an rubuta kashi 60 a amfiya 100, ma'anarsa minti 6 na walda, minti 4 na shan iska. A Kaduna wannan layi ba ado ba ne, domin a Maris da Afrilu zafin rana a ƙarƙashin rumfar kwano yana kaiwa kusa da inda aka yi gwajin. Injin da ba shi da wannan allo kwata-kwata, ko wanda allonsa ke cewa amfiya 300 alhali I1max ɗinsa 20 ne, a bar wa mai shago abinsa.

Wutar gidan

Nan ne lamarin ya fi ɗaukar lokaci, kuma nan ne yawancin masu farawa ke yin asara. An ba shi aron maltimita, na'urar auna boltej, aka ce ya auna soket ɗin da ya fi kusa da mitar gidan sau uku a rana har mako guda, duk lokacin da akwai wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ya kamata ta kasance. Abin da ya rubuta a takardarsa ya nuna da safe tana kaiwa 215 zuwa 225, da rana tana sauka kusa da 200, tsakanin magariba da ƙarfe 10 na dare kuwa tana faɗuwa zuwa 175, wani lokaci ƙasa da haka. Gidan yana can ƙarshen layi, nesa da taransifomar unguwa.

Yawancin ƙananan inbata an yi su ne su jure bambancin kashi 15 sama ko ƙasa da 230, wato daga kusan 195 zuwa 265. Ƙasa da haka ilektirod zai riƙa mannewa, harshen ya riƙa yankewa, injin kuma ya riƙa jan amfiya fiye da kima don ya cike giɓin. Ga yadda lissafin yake. A amfiya 80, harshen walda yana cin kusan wat 1,860. Inbata tana ɓatar da wajen kashi 15, sai ya zama wat 2,200 daga bango. Mai arha wadda ba ta da da'irar gyaran jan wuta da ake rubutawa PFC tana jan wutar ne a fizge, don haka waya da janareta suna jin nauyin kamar kVA 3.1. A bolt 230 wannan amfiya 13 da rabi ne. A bolt 180 ya zama 17. Idan aka murɗa zuwa amfiya 100, nauyin ya kai kVA 4, amfiya 17 da rabi ke nan a cikakkiyar wuta. A 120 ya kai kVA 5. Wato tun a geji 12 an riga an zo bakin iyakar soket ɗin ɗaki.

Saboda haka aka yanke abu biyu. Na ɗaya, walda da safe ce, Asabar da Lahadi, ba da dare ba. Wannan bai ci ko kwabo ba, ya kuma warware rabin matsalar. Na biyu, a ja wa injin layinsa na kansa daga akwatin rarraba wuta: waya milimita 4 ta jan ƙarfe zalla, bireka amfiya 25 nau'in C wadda ba ta faɗuwa da fizgar farko, da abin katse wuta idan ta zurara mai miliamfiya 30. Daga akwatin zuwa rumfar bayan gida mita 20 ne. A wannan nisa, da amfiya 17, waya milimita 1.5 tana zubar da kusan bolt 10, mai 2.5 tana zubar da 6, mai 4 kuwa ƙasa da 4. Wanda wutarsa ta riga ta raunana ba shi da bolt 10 na kyautarwa.

Da mai gyaran wuta ya buɗe akwatin, sai ya tarar da matsala a wayar at, wadda ke kai wutar da ta zurara zuwa ƙasa. Ya ce masa, "Malam, ai gidan nan ba at. Wayar tana nan, amma ba ta je ƙasa ba." Aka sayi sandar at aka kafa a wuri mai damshi kusa da magudanar ruwa, aka haɗa. Wannan kuɗi ne da bai shiga lissafinsa na farko ba, kuma a ganinmu shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk sayayyar, domin jikin inji da teburin ƙarfe da mutum mai gumi wuri ɗaya suke haɗuwa.

Janaretan gidan na kVA 2.5 ne, an cire shi daga lissafi. Zai iya kunna geji 14 da ƙyar, amma duk lokacin da harshen ya yanke, nauyi ya sauka farat ɗaya, boltej yakan yi tsalle, kuma wannan tsallen ke ƙona allon inbata. Wanda dole sai da janareta zai yi walda, ya nemi na kVA 5 zuwa sama mai na'urar daidaita boltej, ya tayar da shi ya daidaita kafin ya kunna injin walda, ya kuma kashe injin kafin ya kashe janaretan. Sitabilaiza ma an duba an ajiye. Mai kVA 5 ba ta iya ba da kVA 5 idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa, kuma irin mai sauya boltej mataki-mataki ba ta da saurin bin nauyin da ke hawa da sauka kowace daƙiƙa.

Wani abin da ya kwantar masa da hankali shi ne kuɗin wutar. Ilektirod ɗaya na geji 12 yana ƙonewa cikin kamar minti ɗaya. Guda 15 a zama ɗaya minti 15 ne na ainihin walda a wajen kilowat 2.2, abin da ya ɗan haura rabin yunit. Katin mita ba zai ji komai ba.

Naɗin Panteka, inbata, da sauran

Taransifomar da ake naɗawa a Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tana da darajarta, kuma ba a raina ta ba. Ba ta da allon lantarki da ƙura za ta kashe, idan ta ƙone wanda ya naɗa ta zai sake naɗawa, kuma ta riƙe gidaje da yawa. Amma don mai shago aka yi ta. Tana da nauyi, tana jan wuta da yawa ko da ba a walda, kuma idan aka kunna ta a layi mai rauni fitilun maƙwabta sukan yi ƙasa. Ƙarfinta mataki-mataki ake sauyawa ta hanyar matsar da waya, babu murɗawa a hankali daga 45 zuwa 50, wanda shi ne abin da siririn fayif ke buƙata. Wasu da alminiyam ake naɗa su maimakon jan ƙarfe, wasu kuma a buɗe suke ba murfi. A gidan da yara ke yawo a tsakar gida, wannan na ƙarshe kaɗai ya isa dalili.

Injin waya mai gas ya fi sauƙin koyo a kan siririn ƙarfe, amma sai da tukunyar gas da na'urar rage matsi da zuwa cikowa, kuma iska tana kore gas ɗin a buɗaɗɗen wuri. Akwai mai waya mai hoda a ciki wanda ba ya buƙatar gas. Yana da kyau, sai dai wayar ba ta cika kasuwa kamar ilektirod ba, kuma abin tura wayar a masu arha shi ke fara lalacewa. Waldar kabaid ta masu gyaran bodin mota ba a ma sa ta a lissafi ba. Ba abin ajiyewa a gidan iyali ba ne.

Sai aka tsaya a kan inbata ta ilektirod wadda allonta ya nuna amfiya 140 zuwa 160, da kashi 60 a wajen amfiya 100, mai taimakon kunnawa da hana mannewa. Ba a zaɓe ta da suna ba. An zaɓi samfurin da masu gyaran inbata suka ce suna da kayansa, daga shagon da ya yarda a gwada kafin a biya. Gwajin ba wuya: geji 10 guda uku a jere a kan ƙarfe mai milimita 5, maɓalli a 110. Idan harshen ya tsaya daram, fanka tana juyawa, fitilar zafi ba ta kama ba, injin ya ci jarabawa.

Wayoyin da suka zo cikin kwalin ba su ci ba. Da aka kankare bakin ɗaya da wuƙa, ja ne a sama, fari a ciki: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Irin wannan waya tana zafi, tana karyewa a bakin holda. Aka sauya da milimita 16 na jan ƙarfe, mita 4 na holda, mita 3 na at, wato wayar da ake matsawa a jikin ƙarfen da ake liƙawa, tare da mamatsin at mai ƙarfin baki.

Yadda aka raba kuɗin

Tun 2023 da aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira, farashin kayan da ake shigowa da su ba ya zama wuri ɗaya, don haka da kaso aka yi masa lissafi. Idan aka kasa kuɗinsa gida 10: huɗu na inji da sababbin wayoyi, biyu na jan layi da at da ladan mai gyaran wuta, ɗaya da rabi na giranda da duwatsunta, ɗaya da rabi na kayan kariya, ɗaya na ilektirod da ƙarfen koyo da ƙananan kayan awo. Da ya sayi mai lambar 300 ɗin nan da duk kuɗin, da ya koma gida da inji ba abin yanka ƙarfe, ba abin rufe fuska.

Giranda ƙarama aka saya, mai dutse milimita 115, wat 750 zuwa 900. Babbar mai 230 da ake gani a shaguna tana da fizgar da sabon hannu ba zai iya riƙewa ba. Ƙaramar tana juyi kusan sau 11,000 a minti, don haka duk dutsen da za a ɗaura mata sai an ga lambar juyinsa ta haura wannan. Na kirki ana rubuta musu 13,300. Dutsen yanka daban, na gurza daban, kuma ba a gurza da gefen na yanka, domin siriri ne, yana tarwatsewa. A zoben ƙarfen da ke tsakiyar dutse akan buga ranar ƙarewar aikinsa, a duba. Murfin kariya ba a cire shi, ko da an ga wasu sun cire.

A kayan kariya, hular walda mai duhu da kanta aka zaɓa, mai lambar duhu 9 zuwa 13, domin tana barin hannu biyu a sake kuma mai koyo yana ganin inda zai sa ilektirod kafin ya kunna. Lamba 10 ta isa har amfiya 100, sama da haka 11. Baƙin tabarau na rana ba kariya ba ne. Sai farin tabarau na giranda, safar hannu ta fata mai tsawo, riga mai dogon hannu ta auduga, da rufaffen takalmi. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata, silifas kuwa tartsatsi yake tarawa tsakanin yatsu. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara ta hoda suna rataye a bakin rumfa, an kuma matsar da janareta da jarkar fetur zuwa ɗaya gefen gidan.

Abubuwan da suka lalace a makonnin farko

Makon farko ilektirod ya yi ta mannewa, har ya fara zargin injin. Dalilai uku ne suka haɗu. Ya matsa at a kan ƙarfe mai fenti, wuta ba ta samun hanyar dawowa sosai. Ya sa amfiya 55 a geji 12 don tsoron huda ƙarfe. Sannan Agusta ne, kwalin ilektirod ya kwana a buɗe a rumfa ya sha damshi. Alamar haka ita ce yawan fantsama da ƙananan ramuka a ɗinkin. Aka gurza wurin at har ya yi fari, aka ɗaga wuta zuwa 75, aka gasa ilektirod awa ɗaya a zafin da bai wuce digiri 100 sosai ba. Daga nan ajiyarsu ta koma cikin guntun fayif ɗin roba mai murfi a baki biyu. An kuma hana shi sayen E7018 da wani ya yaba masa: ya fi ƙarfi, amma ya fi shan damshi, busar da shi sai digiri 300 zuwa sama, kuma sake kunna shi yana wahalar da mai koyo.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ɗinkinsa na kusurwa yana da kyau a ido, amma da aka buge ɓawon da hodar ilektirod ke bari a kan ɗinki sai a ga rami a tsakiya, ƙarfe ya manne a gefe biyu, ɓawo ya cike tsakani. Halin E6013 ke nan idan harshen ya yi tsawo ko wuta ta yi kaɗan: ɓawon mai ruwa ne, yana riga narkakken ƙarfe shiga lungu. Maganinsa a rage tazarar bakin ilektirod da ƙarfe zuwa kamar kaurin tsinken da ke cikinsa, a raba kusurwar biyu daidai, a karkata shi digiri 10 zuwa 20 wajen da ake tafiya, a ja shi, kada a tura. An ba shi gwajin da zai riƙa yi da kansa: ya haɗa guntaye biyu kamar harafin T, ya yi ɗinki a gefe ɗaya kawai, ya matse a bais, wato mamatsin ƙarfe na kan tebur, ya buga da guduma ta gefen da ba ɗinki, ya lanƙwasa shi zuwa wajen ɗinkin har ya karye. Idan ɗinkin ya ɓare ya bar fuskar ƙarfen sumul, bai ci ba. Idan ƙarfen ya lanƙwashe kafin ya yage, an samu.

Ta uku ita ce huda siririn fayif. Geji 12 a amfiya 75 kan fayif mai milimita 1 rami ne nan take. Aka koma geji 14 a amfiya 40 zuwa 45, aka mayar da holda bakin mai alamar −, at kuma bakin mai alamar +, domin haka narkewar ba ta nutsewa sosai. Kuma ba a jan layi. Ɗigo ake yi: a kunna daƙiƙa ɗaya, a ɗaga, a jira jan ya dushe, a sake ɗiga rabi a kan na baya. Haɗin ma sai ya zauna ba giɓi, domin giɓin milimita ɗaya a irin wannan ƙarfe ƙofar rami ce. Tun daga lokacin yake zuwa sayen ƙarfe da baniya, abin auna kauri, a aljihu, ba ya karɓar fayif ƙasa da milimita 1.5.

Sau ɗaya ya kauce wa layin da aka ja masa. Yana so ya yi aiki a ƙofar gida, ya jona injin da wayar jan wuta irin mai naɗi a gammo, bai warware ta duka ba. Cikin minti kaɗan roba ta fara wari, fulogin ya narke. Wayar da ke naɗe ba ta fitar da zafinta, ga shi kuma siririya ce. Ba a yi gobara ba, amma ya ga dalilin milimita 4 da idonsa.

Abin da ya fi tayar wa gidan hankali bai shafi inji ba. Wata Asabar ɗansa ɗan shekara 9 ya tsaya daga nesa yana kallon hasken walda. Da tsakar dare ya farka yana kuka, idanu sun yi ja, yana cewa yashi ne a ciki. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan awa 6 zuwa 12. Yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba a ɗiga wa ido komai na gida, ba a kuma murza shi; a sa tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, a kai asibiti, musamman idan ana zaton ɓurɓushin ƙarfe ya shiga. Asibitin Ido na Ƙasa yana nan cikin Kaduna. Bayan wannan aka kewaye rumfar da tsohon kwano ta gefe biyu da ke fuskantar tsakar gida, aka bar sama da gefe ɗaya a buɗe don hayaƙi ya fita.

Maganar hayaƙi, an ja masa kunne a kan fayif ɗin ruwa mai farin rufi. Rufin tutiya ne, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awanni, har mutum ya ɗauka maleriya ce. Sai an gurza rufin santimita 2 zuwa 3 kowane gefe, a kuma yi aikin inda iska ke wucewa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko fenti kuwa ba a kai masa wuta ko giranda, ko an ce an wanke.

Aikin farko

Bayan ya ƙone kusan kwali ɗaya yana jan layi a kan guntayen da ya auno a Panteka, aka ba shi teburin aikinsa ya haɗa: tsawo santimita 90, faɗi 60, tsayi 85, da angul 40 sau 40 mai kaurin milimita 3. Ƙafafu huɗu santimita 340, firam ɗin sama 300, na ƙasa 300, jimla mita 9.4, wato sanda biyu sun isa da ɗan saura, muddin an auna tsawon sandar a wurin saye. Saman faranti ne mai milimita 3, nauyinsa ya kusa kilo 13.

Firam ɗin farko ya murɗe. Ya gama kusurwa ɗaya gaba ɗaya kafin ya taɓa sauran, ƙarfen ya ja wajen ɗinkin da ya huce, kamar yadda kowane ɗinki ke yi. Aka yanke aka sake. A karo na biyu ya matse guntayen a ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba tudu ba kwari, ya ɗiga kowace kusurwa sau biyu, ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Dole su zo daidai, santimita 108 da ɗigo 2. Da ɗaya ta fi ɗaya da milimita 4, guduma ta gyara tun ɗigon bai yi yawa ba. Sannan ya yi ɗinkin a tsallake, wannan kusurwa, sai kishiyarta, yana barin kowacce ta huce. Geji 12 ne a amfiya 80. Ya goge da burushin ƙarfe, ya shafa jan fentin hana tsatsa a jiki, ya bar saman faranti ba fenti don at ya riƙa kamawa.

Da hunturu ya shigo, aka ƙara masa ɗabi'a biyu. Ba a gurza ƙarfe kusa da injin yana kunne, domin fankarsa tana zuƙar garin ƙarfe tare da ƙurar hunturu ta zuba a kan allo, kuma garin ƙarfe yana haɗa wuta. Sannan duk wata biyu a cire fulogi, a jira minti 10 ma'ajiyar cajin ciki ta sauke, a hura ƙurar da busasshiyar iska ta ramukan jiki. Bayan aiki kuma a bar fanka ta yi minti biyu ko uku kafin a kashe.

A wata na huɗu ya gyara hinjin ƙyauren da kansa, da geji 10 a amfiya 105, ya haɗa mazaunin tukunyar gas da kujeru biyu. Ɗinkin tsaye, daga ƙasa zuwa sama, har yanzu yana zubo masa, don haka duk abin da zai iya kwantarwa kwantar da shi yake yi. Uwargida ta nemi ya yi wa tankin ruwan gidan hasumiya, tanki mai lita 1,000. Ruwan kaɗai tan ɗaya ne, a sama da kan yara. Wannan aikin an kai wa wani dattijon mai walda, malamin kuma ya roƙi a bar shi ya tsaya a gefe da hularsa. Ya ce masa, "Baba, zan riƙe muku ƙarfe, ina so in ga yadda kuke hawa da ɗinkin."